Bencin Baya a Ajin Kalilu

Labbo mutumin Argungu ne, masunci ɗan masunci, ya ba shekara arba'in baya bai taɓa riƙe fensir ba. A shekarar da wannan abu ya faru, lokacin Argungu na cikin Jihar Sakkwato, yakan ɗauki wani ma'aikaci mai suna Matiyu a kwalekwalensa duk ranar Talata. Matiyu mutumin Filato ne, yana aiki a wani ofishi mai kula da ruwa a Birnin Kebbi. Yakan zo a babur, Labbo ya kai shi inda aka kafa wani dogon ƙarfe mai lambobi a cikin gulbi, ya duba inda ruwa ya kai, ya rubuta, ya koma.

Wata Talata Matiyu ya gaya masa ofis ya gaji da awon mako-mako. Ana neman ɗan gari da zai riƙa duba ƙarfen safe da yamma, kuma aiki ne na dindindin. Ya ce bai ga wanda ya fi Labbo dacewa ba, abu ɗaya kawai ya rage, dole mutum ya iya rubuta lamba da kwanan wata. Sai ya ba shi labarin ajin yaƙi da jahilci da ake yi wa manya a firamaren unguwarsu bayan la'asar.

Labbo ya kwana uku yana juya maganar. Kifi ya ja baya a 'yan shekarun nan, ƙugunsa kuma ya fara ciwo in ya daɗe a ruwa. Ran Asabar ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi. Yana leƙa ajin ya ga wanda ke tsaye gaban allo, sai ya juya. Kalilu ne, mijin 'yarsa ta fari, Asiya. Tun da aka ɗaura auren ba su taɓa cin abinci wuri ɗaya ba, in sun haɗu a hanya Kalilu yakan tuɓe takalmi ya durƙusa, shi kuma ya amsa yana duban wani gefe.

Ya yi mako biyu bai koma ba. Matarsa Riskuwa ce ta kawo masa saƙon da Asiya ta bari, wai Kalilu ya gan shi ranar nan, kuma ya ce zai nemi a sauya shi da wani malami. Labbo ya tuna mutanen da ya hango a bencina, magidanta kusan ashirin, har da masu furfura. Bai ga dalilin raba su da malaminsu saboda shi kaɗai ba. Ya ce a gaya wa yaron ya zauna inda yake. Kashegari ya shiga ajin ya nemi bencin baya, can jikin taga.

Haka aka yi wata huɗu. Kalilu yakan kira kowa ya fito allo, ban da shi. In an tara littattafai, na kowa ya dawo da jan biro, nasa ya dawo yadda ya tafi. Labbo ya ɗauka hannunsa ne ya yi kyau, har yana jin daɗi.

Matiyu ne ya ɓata masa wannan jin daɗi. Suna bakin ƙarfen ya miƙa masa littafi ya ce ya rubuta abin da ya gani. Ruwa na kan ashirin da ɗaya, Labbo ya faɗa da baki daidai, amma ya rubuta sha biyu. Matiyu ya buɗe littafin ajin da Labbo ke yawo da shi a aljihu, ya ga shafi bayan shafi lambobi a juye, ba wanda ya gyara. Bai yi faɗa ba. Ya dai ce in irin wannan ta isa ofis, za a zaci gulbi ya janye alhali yana cika, ga manoman shinkafa a fadama.

Ranar aji ta gaba Labbo ya jira kowa ya watse. Kalilu na goge allo, da ya ga ya matso sai ya fara neman durƙusawa.

"Tashi, Malam," in ji Labbo. Wannan ne karo na farko da ya dube shi ido cikin ido. "Mi ya hana ka gyara min littafi?"

Kalilu ya sunkuyar da kai. "Baba, nauyi nika ji. Ƙaƙa zan sa maka jan biro?"

"Kunyar ga taka cutata takai. A gida ni uban Asiya ne. Cikin ɗakin ga ɗalibi nike, kamar kowa."

Ya ajiye littafin a kan tebur. Kalilu ya daɗe da biro a hannu kafin ya ja layin farko. Kafin su tashi shafi shida sun yi jawur. Labbo ya ji zafin abin fiye da yadda ya zata. Amma daga ranar ake kiransa allo, ya yi kuskure a yi dariya, shi ma ya dara.

Bayan wata biyar ya hau mota zuwa Birnin Kebbi da takardar shaidar ajin. Su bakwai aka gwada. Aka kira musu lambobi suka rubuta, aka ba su fom suka cika. Rubutunsa ya fi na kowa muni, amma bai ɓata ko ɗaya ba, kuma shi kaɗai ke da kwalekwale. Aka ɗauke shi.

Aikin ya riƙe shi shekara goma sha tara. Daga baya ofis ya tura shi wani kwas na mako shida, aka ƙara masa ƙarfe biyu a ƙauyukan ƙasa da Argungu. Kamun kifi kuwa dole ya bari, don ba a bin kifi da agogo a hannu, sai ya ba ƙanensa taru da ƙugiyoyi. Wani lokaci da safe, yana tsaye yana rubutu, abokansa kan wuce da kamun da suka yi suna tsokanarsa da "Akawu". Yakan ɗaga musu hannu, ya bi su da kallo har su sha kwana, sannan ya sake duba ƙarfen ya tabbatar da abin da ya rubuta.