Cokali Ɗaya na Riƙo

Shagon yana nan inda Auta ta bar shi shekara ashirin da biyu da suka wuce, tsakanin mai gyaran agogo da mai wanki da guga, sai dai mai agogon ya rasu, jikarsa ke sayar da wayoyi a wurin. Tana tura ƙofa warin nan ya tare ta, hayaƙi da tsohuwar takarda da wani ɗaci-ɗaci da ba ta taɓa jin irinsa a ko'ina ba. Kewa ta kama ta har sai da ta dafa tebur.

Mahaifinta, wanda duk layin ke kira Mai Kwalabe, aikinsa shi ne karɓar mugun abu daga cikin mutane ya dafa shi ya zama magani. Mutum zai zo da abin da ke cinsa, ya kafa baki a kwalba ya faɗa, Baba ya yi maza ya toshe. Abin da ka zuba kuwa ya bar ka ke nan, ko tuna shi ba za ka ƙara yi ba. Hassada in ta sha wuta kwana uku sai ta koma himma, a ba malalaci. Tsoro a tace shi a ba direban da ke ganin titi na ubansa ne. Tsegumi, wanda mutanen layin ke kawowa ba tare da an roƙe su ba, shi ake ɗiga wa jaririn da ya yi nauyin baki. Ɗigo biyu tak, in ka kuskura ka yi uku kai ka jawo wa gidanku.

A ƙarƙashin teburin nan Auta ta yi wayo. A nan ta koyi karatu da takardun jikin kwalabe, tana jin Baba na juya tukunya yana rera waƙa da muryar da ko agwagwa ba za ta yi sha'awa ba. In wuta ta yi daidai sai ya leƙo ya ce, "Auta, fito ki sansana, hanci ne rabin sana'a."

Yau ga shi a ɗakin baya, zaune a kujera, hannuwan nan da ba su san hutu ba suna kwance a cinya. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya dube ta da fara'a ya ce, "Sannu, baiwar Allah. Wa kike nema?"

Gwaggo, ƙanwarsa da ke jinyarsa, ta riga ta faɗa mata a waya cewa mantuwa ta cinye shi. Amma ji daban, gani daban. Auta ta fita ta yi kukanta a bayan tukwane, sannan ta share ido ta jawo littafinsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A shafi na arba'in ta samu abin da take nema, da rubutunsa mai kama da tafiyar tururuwa: maganin mantuwa, ruwa kofi biyu, zuma, ɓawon lemo, riƙo cokali ɗaya. A ƙasa ya ƙara da cewa babu abin da ya kai mai riƙo tuna abu.

Riƙo kam ba a rasa shi a shagon, layi guda ne cur a saman katako. Ta zaɓi kwalbar da ta fi kauri, ta auna, ta dafa, ta ba shi. Ba a yi minti biyar ba Baba ya miƙe tsaye, ido jajur.

"Ina tsanina? Shekara sha tara ke nan da ya ara! Ya ce gobe, ya ce gobe!"

Baba dai bai taɓa mallakar tsani ba a duniya. Sai da Auta ta juya kwalbar ta ga sunan marigayi mai agogo a jiki. Har yamma tsohon yana bambamin tsanin wani, sannan ya koma kujerarsa ya sake tambayarta wa take nema.

Gwaggo ta yi dariya har da hawaye, daga baya hawayen suka ci gaba su kaɗai. Ta ce, "Ke ma dai, 'yar nan. Riƙon wani ai wani yake tunawa. Na wanda ya riƙe shi Yayan a rai ake sa masa. Bai rubuta ba ne don a ganinsa ko ɗan goye ya san wannan."

"To ki ba da naki mana, Gwaggo."

"Ni da Yaya faɗanmu ba ya kwana. Ke fa?"

"Ni? Haba Gwaggo, ubana ne fa."

"Ubanki ne fa, shi ya sa shekara ashirin da biyu gaisuwa sai ta waya."

Maganar ta sami wurin zama a ran Auta. Tana da shekara sha tara ta haɗa maganinta na farko ita kaɗai, baƙin ciki ta jiƙa ya koma haƙuri, don wata mata da ta rasa ɗa. Baba ya ɗanɗana, ya fita gaban mutanen layi ya tuttule shi a kwata, ya ce, "Wannan hannun ba na aikin nan ba ne. Ki nemi wata sana'ar." Ta kuwa nema. Ta tafi wani gari ta koyi ɗinki har ta yi suna, kuma duk rigar da ta gama sai ta ɗaga ta a zuciyarta ta ce, ga hannun nan, Baba. Kullum sai ta yi masa wannan maganar. Gaskiyar ita ce da riƙon nan take hira da ubanta, kuma tana tsoron in ta zubar da shi ta rasa abin da ya rage mata.

Washegari da hantsi ta wanke kwalba, ta kafa baki, ta faɗi komai, har da launin rigar da ke jikinsa ranar da sunayen waɗanda suka yi dariya. Abin ya fito baƙi ƙirin, da kauri kamar kwalta. Gwaggo ta toshe. Auta ta tsaya tana jin kanta sakayau, tana mamakin me ya jiƙa mata fuska. Ta tuna tebur, ta tuna waƙar, ta tuna tafiyarta, amma dalilin tafiyar ya ɓace mata.

Ta dafa maganin yadda littafi ya ce. Baba ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya shanye. Can sai ya ɗago ya dube ta.

"Auta."

"Na'am, Baba."

Ya kamo hannunta da nasa biyu, yana sauri kamar mai tsoron kada a ƙwace masa maganar. "Maganin nan naki na ranar nan, babu abin da ya same shi. Ya fi nawa. Shekara talatin ina jiƙa baƙin ciki bai taɓa yi mini laushi haka ba. Kishi ne ya kama ni, ni da 'yar cikina. Kullum ina cewa in kin zo zan faɗa miki. Ki yafe mini."

Ta dube shi, ta dubi Gwaggo wadda ta juya fuska bango.

"Wane magani, Baba?"

Tsohon ya kalli kofin da ke gefensa. Shi ya rubuta shafin, ba sai an yi masa bayani ba.

"Naki kika sa mini."

"Haka Gwaggo ta ce."

Ya jinjina kai a hankali, bai saki hannun ba. Ya ce, "To, jawo kujera. Zan ba ki labarinsa tun daga farko, ba zan rage komai ba. In kin gama ji sai ki ga ko za ki yafe."

Auta ta jawo kujera ta zauna kusa da gwiwarsa.