Aljanar Cikin Tulu

Aljanar tana tsakiyar cewa, "Zauna, baƙo, ka ci abinci," sai rediyo ya yi tari sau biyu, ya yi ɗif.

Zauren Baba Hammajoda da ke Ƙofar Dumi ya yi tsit. Andrawus makaniki, maƙwabcinsa na jikin katanga, shi kowa ya juyo ya kalla, don shi ne mai kawo batir duk Alhamis. Wannan makon an tafi da motar da yake ciro batir mai kyau a cikinta don jigilar 'yan makaranta masu atisayen bikin 'yancin kai, sai ya lallaɓo wani tsohon batir yana fatan ya kai. Ga shi bai kai ba.

"Yaya?" in ji tsohon mai gidan daga kan gadon karansa, murya kamar zare. "Falken ya ci?"

Baba Hammajoda ya ƙare ƙuruciyarsa a fataucin goro, kuma a faɗarsa babu kasuwar aljanun da bai ratsa da jakinsa ba. Tun da gidan rediyo ya fara wasan mutanen ɓoye, kowane mako da sabon labari, unguwa take cika zaurensa bayan la'asar. Ba wasan kaɗai ke kawo su ba, har da hukuncin da yake yankewa in an gama. Labari mai kyau, ya ɗora goro guda a kan rediyo. Mai dama-dama, ɓari. Makon jiya ko ɓari bai bayar ba, ya ce, "Aljani da sallama? Wanda ya rubuta wannan bai taɓa kwana a daji ba."

To yanzu ciwo ya ci ƙarfinsa. Ido ya tafi, abinci ya ƙi shiga, kowa ya san abin da ake jira. Duk da haka ya sa aka ciccibo shi zuwa zaure, wai ba zai tafi bai ji na yau ba.

"Waya ce ta kwance, Baba," in ji Andrawus. "Yanzun nan."

Rediyon a tagar da ke tsakanin zaure da tsakar gida yake zaune, batirin yana ta ciki. Andrawus ya yi sallama ya faɗa cikin gida. Ya goga waya da waya, ko ƙyas. Ya kankare kan batir da wuƙa, ya jijjiga shi, ya zage shi da yarensu. Shiru.

Inna Bintu, matar tsohon, tana tsaye a kansa tare da Paulina matar Andrawus.

"Ɗan nan," Inna ta ce ƙasa-ƙasa, "mutumin nan ba zai ga wata Alhamis ba."

"Inna, wallahi batir ya mutu murus."

Paulina ta dubi tagar, ta dubi wani tulu da ke kife a gindin randa. "To mu ƙarasa masa mana. Ai ba gani yake yi ba."

"Ke, kina da hankali?"

"Kai ne falke. Inna ce aljana. Ni tsawa." Ta sunkuci farantin tasa da muciya.

Daga zaure suka ji Malam Ladan tela, wanda ke yi wa tsohon fifita, yana cewa, "Ga shi nan zai kama, Baba, ka yi haƙuri."

Inna Bintu ta gyara ɗaurin zane, ta durƙusa a ƙarƙashin taga, ta cusa baki a tulu.

"Na ce ka zauna ka ci!"

Muryar ta fito da wani irin amo, har Andrawus kansa sai da tsigar jikinsa ta tashi. Paulina ta maka wa faranti muciya. Shi kuma Andrawus ya toshe hanci da yatsu.

"Ranki ya daɗe, me... mene ne abincin?"

Nan fa aka zo inda ba su shirya ba. Inna kuwa tun tana amarya take suyar masa, bakinta bai jira shawara ba.

"Masa ce, ta shinkafa zalla, ba gauraye! Ga miyar taushe, ga man shanu. Wanke hannu tukuna, ƙazami, daga ina ka fito haka buɗu-buɗu?"

A zaure wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Andrawus ya daure.

"Ba na cin abincin aljanu, ranki ya daɗe. An ce wanda ya ci ba ya komawa gida."

"Ni za ka raina wa girki?"

Tsawa! Tsawa! Paulina ta dage har muciya ta kuɓuce ta faɗa randa. Falke ya yi kuka, ya ambaci 'ya'yansa, ya ce ƙaramin ko yaye shi ba a yi ba. Jin haka sai aljana ta yi sanyi.

"Ayya, da goyo a gida? Ai sai ka faɗa tun farko. Tsaya in ƙunsa maka a ganye ka kai musu. Tashi mu je in taka maka zuwa bakin hanya. Ka gaida mai jegon."

Shi ke nan, wasa ya ƙare, don babu wanda ya san abin da zai ƙara.

Can sai aka ji wani sauti daga zaure kamar ana kaɗa ƙwarya. Baba Hammajoda ne ke dariya, hawaye na bin kunnensa.

"Ladan, miƙo jakar goro. Makaniki, fito daga bayan tagar nan."

Andrawus ya dawo zaure yana sunkuyar da kai, ya tsuguna.

"Ga hukunci," in ji tsohon, yana hutawa tsakanin magana. "Tsawa ta yi yawa. Da rana tsaka ake cin kasuwar aljanu, ina hadari? Kuma farantina ne, na san muryarsa. Falke matsoraci ne, ga mura. Da ni ne, da na ci, na nemi ƙari."

"Aljanar fa, Baba?" in ji Ladan.

"Aljanar?" Ya lalubo wani farin goro ƙato, ya murza shi a tafinsa. "Na ratsa daji iri-iri, ban taɓa jin aljanar da ta yi wa baƙo ƙunshi har da rakiya ba. Guda ɗaya na sani mai wannan hali, ita kuwa na aure ta."

Zaure ya ɓarke da dariya. Daga bayan taga Inna ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah, a gaban yara?"

"Ba a kan rediyo za a ɗora wannan ba. Miƙa mata ta taga. Bintu, masar nan da gaske akwai ta, ko ita ma ta wasa ce?"

Kafin magariba tanda ta hau wuta. Ya ci rabin guda, ya ce miya ta ji gishiri, ya sha ruwa ya yi hamdala.

Washegari Juma'a da hantsi ya cika, Ladan na riƙe da hannunsa, kalmar shahada a bakinsa. Andrawus ya rufe garejinsa, ya yi ta jidar ruwa da shimfiɗa tabarmi. Duk wanda ya zo gaisuwa sai an ba shi labarin aljana mai masa, ya shigo da hawaye ya fita yana murmushi.

Ranar sadakar uku, jama'a sun fara watsewa, sai ga wani dogon mutum da malafa yana jan baƙin bunsuru.

"Salamu alaikum. Nan ne gidan da akwatin rediyo ya mutu amma aljanu suka ci gaba da magana?"

Andrawus ya amsa masa sallama.

"Daga Tirwun nake. Wata kuka ce a gonata ta hana ni sakat, ina so a yi mini magana da aljanun da ke cikinta. Akwai mutanenmu a baya, suna tafe da nasu."

Bai jira amsa ba. Ya tuɓe takalma, ya durƙusa a gaban tagar, ya zuba wa rediyo ido. Bunsurun ya sa baki ya fara cin gefen tabarma.