Tarin Injin Motaleb

Jiragen fito sun fi a ƙirga a wannan gaɓa ta kogin Meghna, amma na gidan Motaleb ne kaɗai injinsa ba ya jin magana. In an rufe masa mai, sai ya ci gaba da tari yana kakkarwa kamar tsoho mai asma, har sai an tura masa ƙyalle a mashaƙar iska sannan ya haƙura. Mutanen gaɓa sun daɗe da mayar da shi abin tsokana.

Tofazzal ne ke tuƙa jirgin yanzu, tun damunar da guguwa ta rutsa da mahaifinsa Motaleb a tsakiyar kogi. Masunta sun tsinci jirgin yana ta zagaye shi kaɗai, babu kowa a ciki, an rufe mai amma injin na aiki. Gawa kuwa ba a taɓa gani ba. Aka yi addu'a, aka yi sadaka, kowa ya dangana ban da Jomila, mahaifiyar Tofazzal.

A nan, macen da mijinta ya rasu takan cire ɗan hancinta ta ɗaura farin zane. Jomila ta ce sam. Yanar ido ta rufe mata gani, amma kunnenta garau yake, kuma da tarin injin nan take gane dawowar mijinta tun tana amarya. Kullum da la'asar sai ta zauna a ƙofar gida can saman gaɓa, ɗan hancinta na zinariya yana ƙyalli. Ba ta taɓa abinci sai ta ji tarin.

"Shefali, zuba shinkafa, ga jirginsa nan," haka take ce wa surukarta, matar Tofazzal. In Tofazzal ya hawo shi kaɗai, sai ta ce, "Abbanku ya tsaya hira ke nan. Bakinsa ba ya gajiya." Sannan ta ci abincinta sarai, har da neman ƙarin barkono. Tofazzal bai taɓa iya musa mata ba.

Horipodo bakanike ya sha yi masa faɗa a kan injin.

"Kai ɗan nan, ringinsa, zoben nan na cikin inji, ya cinye, baƙin mansa yake sha. Ran da zai ƙwace maka, ko bargo ka tura masa ba zai ji ba."

"Kawu, ai tsufa ne. Kai ma in ka fara surutu sai an toshe ka."

"Yi dariyarka. Ni dai ba na shiga jirginka, ko kyauta ne."

Ranar kuwa ta zo, ran kasuwa, jirgi cike da mata da kwandunan kifi. Tofazzal ya rufe mai yana dosar gaɓa, sai injin ya ɗauki kuka maimakon tari, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Ya tura ƙyallen wuyansa, injin ya haɗiye. Jirgin ya daki gadar gora da ake sauka a kai, wata mata mai goyo ta faɗa ruwa. Da ƙyar aka tsamo ta da jaririyar, duk da rai, Tofazzal kuma ya cusa wa injin rigarsa ya kashe shi. Matar ba ta zage shi ba, kallonsa kawai ta yi tana jijjiga 'yarta, kuma da zagin ta yi da ya fi masa sauƙi.

Washegari ya ja jirgin da sanda zuwa rumfar Horipodo. Yana tsaye aka kwance injin, aka kankare baƙin da ya daskare a ciki, aka sa sabon ringi.

"Kawu, ba yadda za a bar masa ɗan tarin nan? Ko kaɗan ne."

Horipodo ya san dalili, don duk gaɓar an sani. Ya goge hannu ya ce, "Ɗana, tarin shi ne ciwon. Ban iya rabin gyara ba."

Da la'asar Tofazzal ya doso gida. Ya hango mahaifiyarsa a inda take zama. Ya ja makunnin mai a hankali, ya sake, ya kuma ja, yana kwaikwayon tarin da hannu. Injin ya ɗan yi gyaran murya sau biyu ya tsaya cak. Bai taɓa jin gaɓar nan ta yi tsit haka ba, har kukan agwagi yake ji daga hayin kogi.

Ya hawo a hankali. Shefali na tsaye da kwanon shinkafa, ta rasa ko ta ajiye ko ta koma da shi.

"Wane ne?" in ji Jomila.

"Ni ne, Umma."

"Da hannu ka yi wannan."

Ya durƙusa gabanta. "Ya kusa kashe jaririya jiya, Umma. Dole ce ta sa."

"Na ji labari. Ka yi daidai." Ta daɗe tana fuskantar kogi, kamar mai jiran injin ya canza shawara. "Kana tsammani ban sani ba ne, Tofa? Na sani tun ranar. Amma in ya yi tarin nan, kafin ka hawo gaɓa, ina da miji. Ɗan wannan lokacin nake ci da shi."

Tofazzal ya kifa kai a gwiwarta yana kuka, kukan da bai yi ba ran da aka jawo jirgin babu kowa. Ita ko ba ta yi ba. Ta kai hannu hancinta tana murza ɗan zinariyar, ya ƙi fita don ya daɗe a wurin, har sai da jini ya ɗan tsattsafo. Ta laluba ta kamo hannun Shefali ta saka mata shi a tafi.

"Akwai farin zane a ƙasan akwatina," ta ce. "Ɗauko mini. Shinkafar kuma ki rufe, ba na jin yunwa."