Hias Yana Jiran Gondola

Jirgi mai saukar ungulu ya sauko ƙasa-ƙasa, guntun turken ƙarfe yana reto a ƙarƙashinsa, iskarsa ta kwashe zannuwan gadon da Zenzi ta shanya ta watsa su cikin kunyoyin dankali. Ta fito da ludayi a hannu tana tsine wa matuƙin da wanda ya aiko shi, amma ƙarar ta haɗiye muryarta. Sai da jirgin ya haura gangaren dutse ta jiyo dariya daga ƙetaren shinge. Hias ne, maƙwabcinta, zaune a keken guragunsa a ƙofar gida, bargo a gwiwa, madubin hangen nesa rataye a wuya.

"Ki daina zagin mutane, Zenzi, kin tsufa," ya ce. "Saura kaɗan turakun su cika."

"Kai da kake yaro sai ka taso ka tsince min."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ta tsaya da zane a hannu tana sauraro, don tarin bai yi mata kama da na dariya ba.

Gidajensu biyu ne na ƙarshe a ƙauyen, inda kwalta take ƙarewa ciyawa ta fara hawa dutse. Tun da aka kawo Zenzi amarya take ganin Hias ta kan wannan shinge. Shi ne yake kora shanun ƙauye zuwa makiyayar kan dutse da zarar ƙanƙara ta narke, ya zauna can a wata bukkar katako yana tatsa yana yin cuku, sai kaka ta kama ya sauko da su da furanni a ƙaho. Mijin Zenzi ne ya fara rasuwa, sannan Rosl matar Hias ta bi, daga baya shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi. Tun daga nan bai ƙara taka kan dutsen ba. Tsohon abin hawan da ake da shi kujeru ne masu reto a jikin igiya, ba sa tsaya wa kowa, sai mutum ya yi tsalle ya faɗa. Mai ƙafa biyu ma sai ya shirya.

Shi ya sa da aka kwance kujerun aka ce za a kafa gondola, duk ƙauyen babu wanda ya kai Hias murna, har masu otal ɗin da za su ci ribar baƙi. Ya haddace komai kamar shi zai gina. Ɗakuna ne na gilashi, in ji shi, masu tafiya a kan igiyar ƙarfe, babu direba babu yaron mota, na'ura ce take buɗe ƙofa ta rufe, idan gyalen mutum ya maƙale ta gani ta tsaya da kanta. Abin da ya fi maimaitawa shi ne bakin ƙofar daidai yake da ƙasa, keke zai shiga kai tsaye ba sai an ɗaga kowa ba.

Zenzi kuwa ko sunan ba ta son ji. An sare bishiyar tuffar da mijinta ya dasa don a kafa turke a gindin lambunta, kuma tun ranar ba ta ƙara amsa gaisuwar ma'aikatan ba. Idan ta kai wa Hias romon sha'ir da rana ya ɗauko zancen, sai ta ce abin da babu mutum a cikinsa ba abin yarda ba ne, ranar da ya maƙale da shi a sama sai ya kira na'urar ta sauke shi. Shi kuma ya ce ai ita ma bakinta haka yake, babu direba.

Ƙarshen bazara tarin ya kai shi asibitin birni. Ya dawo ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ɗansa Konrad ya zo daga Jamus ya kwana biyu, ya so ya kai shi gidan kula da tsofaffi, Hias ya tambaya ko tagar can tana kallon dutse, aka ce tana kallon tashar mota, ya ce to a bar shi. Aka shirya nas ta riƙa zuwa da safe, sauran yini kuma, ba tare da an tambaye ta ba, ya faɗo kan Zenzi. Ranar da Konrad zai koma ya same ta wajen tarin itace, ya tsaya yana juya makullin mota a hannu, ya ce mata ciwon huhu ne, kuma likita ba ya jin zai ga Kirsimeti. Ita ta san ranar da aka sa ta buɗe gondola, don an manna a ƙofar shagon burodi. Mako ne kafin Kirsimeti.

Kaka ta shigo, itatuwan gangaren suka koma ruwan ɗorawa. Aka ja igiya daga ƙasa har ƙololuwa, aka rataye ɗakunan gilashin, jajaye ƙal, aka fara gwaji. Ma'aikata suna loda buhunan yashi a ciki a madadin mutane, ɗakunan su haura su sauko, wani lokaci su tsaya cak a sama na ɗan lokaci su ci gaba. Hias ba ya iya riƙe madubin da kansa yanzu, sai ta tallafa masa gwiwar hannu. Wata rana ya sauke ya ce, ba tare da dariya ba, buhun yashi ya fi shi sa'a.

Washegari Zenzi ta saka rigar da take zuwa coci da ita, ta ɗaura ɗankwali, ta gangara tashar ƙasa. Ba ta taɓa shiga ba. Wurin yana warin sabon fenti da roba, ɗakunan suna shigowa a hankali suna zagayawa, ƙofofinsu suna buɗewa babu mai taɓawa. Aka nuna mata shugabar aikin, wata injiniya mai suna Marlies, wadda ba za ta wuce sa'ar Konrad ba, idanunta sun faɗa don rashin barci. Zenzi ta yi tanadin faɗa tun daga gida, amma matar ta jawo mata kujera, ta ce ta san ta, ita ce mai lambun, kuma ta san tsohon da yake ɗaga musu hannu kullum. Sai faɗan ya rasa inda zai fita. Ta faɗi abin da ya kawo ta a taƙaice. A cire buhu ɗaya a sa Hias, ta ce, bai ma kai nauyin buhun ba.

Marlies ta yi bayani a hankali, cewa masu binciken gwamnati ba su zo ba tukuna, kuma wannan tsayawar da ake gani a sama, wata da gangan ake yi, wata kuma ba da gangan ba. Idan ta tsaya da mutum a ciki kafin a gama saita ta, da igiya ake sauko da shi daga tsayin hasumiyar coci, cikin iska.

"Ai mutuwa zai yi ko yaya, 'yata," in ji Zenzi.

"Na sani, Inna. Amma ba zan iya barinsa ya mutu a rataye a can ba, cikin sanyi, yana jiran mai hawa turke. Ki yafe ni."

Don ta rage mata zafi, ta ciro waya ta ce bari ta nuna mata yadda saman ya zama, ko za ta kai wa tsohon ya gani. Zenzi ta riƙe wayar nesa da fuska. Ta gane ƙololuwar, ta gane dutsen nan mai tsagewa da ke bayan makiyaya. A gabansa, inda bukkar Hias take, wani gini ne na siminti da gilashi, da faffaɗan dandali na shan rana. Ta tambayi ina bukkar. Marlies ta ce ta riga ta ruɓe, rufin ya rufta, tun farkon aiki aka kwashe. Ta ɗauka kowa ya sani.

A hanyar komawa Zenzi ta zauna a kan dakalin maƙabarta, ta huta, abin da ba ta saba ba. Da ta isa, Hias ya dubi rigar cocin ya dubi fuskarta, ta ce masa ta je an ce sai masu bincike sun zo, ba za a daɗe ba. Zancen bukka kuwa ta haɗiye. Kwanakin da suka biyo ta riƙa kaucewa duk hirar da za ta kai su kan dutse. Idan ya ce ko murfin rijiyar can yana nan, sai ta tashi duba tukunya. Abin ya riƙa cin ta har ta fara addu'ar da take jin kunyarta, cewa kada Allah ya kai shi saman nan ya ga abin da ta gani.

Fada, limamin coci, ya zo ya shafa masa man addu'ar marasa lafiya. Abinci ya koma cokali biyu na romo, sai ruwa. Duk da haka idan rana ta fito sai ya sa nas ta taimaka a ɗora shi a keke a tura shi ƙofar gida. Wata la'asar, tana gyara masa matashi, ya riƙe mata hannun riga.

"Zenzi, kin iya faɗa amma ba ki iya ƙarya ba. Na san sun rushe ta."

Ta tsaya a sunkuye. Ya ce tun farkon bazara ya ga jirgin ya sauko da murhun ƙarfensa a cikin raga, ya gane shi da karyayyar ƙafa. Bai faɗa mata ba don ya san za ta je ta fasa wa wani kai. Ta zauna a bencin kusa da shi, ta tambaye shi to me yake nema a can, tunda ya sani.

Ya huta kafin ya amsa, don numfashin ba ya isarsa dogon zance. Ya ce ba bukka yake so ya gani ba, ya ƙoshi da bukka, hayaƙi da ƙuma ne a cikinta. Idan ya gama tatsar yamma yakan fita bakin gangare ya leƙo ƙasa. Daga can ƙauyen bai fi tafin hannu ba, amma yana gane gidajen nan biyu na ƙarshe. Sai ya jira ya ga hayaƙi ya tashi daga rufinsa, ya san Rosl ta hura wuta, lafiya suke, sannan ya koma ciki.

"Naki kullum sai ya makara," ya ce. "Kina can kina surutu a shagon burodi."

"Wanki nake yi, tsohon banza."

"So nake in ƙara leƙo su sau ɗaya. Shi ke nan."

Ta ja bargon ta rufe masa hannun da ya shanye, ta ce iska ta fara, su shiga. Ya ce a ɗan ƙara.

Dusar ƙanƙara ta fari ta sauka a ƙololuwa cikin makon, ba ta iso ƙauye ba. Konrad ya bugo ya ce Juma'a zai taso. Ranar Laraba gari ya waye tas, rana mai ɗumi irin ta ƙarshen kaka, aka fito da Hias bayan abincin rana. Zenzi ta ɗauko kwandon busasshen wake ta zauna a benci tana ɓarewa. Ranar ba a tsayar da gondola ko sau ɗaya ba, ɗakunan suna ta haurawa bi da bi da wani siririn amo kamar na ƙudan zuma, kuma da rana ta karkata sai inuwarsu ta fara ratsa tsakar gidan, ta hau shinge ta wuce.

Tana ba shi labarin 'yar mai shagon burodi da ta ce za ta auri wani ɗan Italiya mai gyaran babur, da yadda uwar ta kwanta ciwo don baƙin ciki. Ta kai inda ya kamata ya ce wani abu game da uwar, don bai taɓa barin irin wannan ta wuce ba. Bai ce ba. Ta ɗaga kai. Kansa ya jingina baya, hularsa ta ɗan zame, idanunsa a buɗe suna kallon sama, bakinsa a sake kamar mai shirin magana.

Ta kira sunansa sau ɗaya, a hankali. Ta ajiye kwandon, ta goge hannu a jikin zane, ta taɓa wuyansa. Da ɗuminsa har yanzu, ɗumin rana. Ta rufe masa ido da tafin hannu, ta gyara hular, ta yi alamar gicciye.

Ya kamata ta shiga ta buga wa likita, ta buga wa Konrad, a faɗa wa mai kaɗa ƙararrawar coci. Ta miƙe ta kai bakin ƙofa, sai ta dawo ta zauna inda take, ta matso har kafaɗarta ta taɓa hannun keken. Wake kaɗan ya zube a ƙasa, wani tsuntsu ya sauko yana tsinta kusa da takalminsa. Inuwa ta zo ta hau gwiwar Hias, ta rufe fuskarsa, ta wuce, rana ta dawo. Can wata inuwar ta taho.