Keken Hulda da Batirin Ɗangana

"To ai hatimin ya fashe," in ji Ɗangana.

"Batirin ne ya fashe, Malam Ɗangana! Batirin gaba ɗaya!"

"Na gani. Amma da hatimin ya tafi, ko ba haka ba?"

Yunana ya dafa tebur da hannu biyu. Batirin na kan tebur a tsakaninsu, naɗe da tsumman buhu, cikinsa a tsage, wani farin gari ya bushe a gefen tsagar. Ɗangana, wanda duk kasuwar Madawa ta sani da sayar da tsofaffin baturan da aka sake wa fenti, ya sa bakin sanda ya tura shi gefe kamar mushen kaza.

"Ango, kwantar da hankalinka. Garanti na nan, ban ci shi ba. Sharaɗi guda ne: a maido min kayana da hatimina a kai."

Yunana ya ja tsaki. Jibi ne ɗaurin aurensa, ga shi tsaye cikin rana yana gardama a kan hatimin kwalta.

Shi makanike ne a garejin asibitin mishan, shi ke kula da grup, injin da ke ba asibitin wuta. Hulda, wadda zai aura, tela ce a can, ita ke ɗinka zannuwan gado. Shan inna ya shanye mata ƙafafu tun tana rarrafe, amma da kekenta mai ƙafa uku, wanda ake tuƙawa da hannu, ba inda ba ta zuwa. Sai wuri ɗaya. Tsakanin gidan mahaifinta da majami'a akwai busasshiyar ƙorama, rairayi zalla mai laushi kamar gari. Kowace Lahadi ƙafafun keken sai sun nutse, sai samari sun taru sun cicciɓe ta da keken duka, suna "ɗaga can, ɗaga can", kamar masu lodin albasa. Ita kuwa ta kafe idonta a sama har su dire ta.

Ranar da ya ce yana sonta, duk jawabin da ya tsara ya watse, ba ta sunkuyar da kai ba. Ta dube shi ta ce, "Na ji. Amma ran aurena ba mai ɗaukata. Da kaina zan shiga majami'a."

Wayyo, Yunana! Da ta ce ya kwashe rairayin da cokali, da ya tambayi ina cokalin yake. Ya ciro moter, ƙaramin injin lantarki, daga wani mataccen famfo, ya haɗa shi da sarƙar keken, ya ƙera akwatin katako a ƙarƙashin kujera don batiri. Saura batirin. Shekarar ce aka karya darajar kuɗin sefa, sabon batiri ya zama abin kallo daga nesa, shi ya sa ƙafarsa ta kawo shi rumfar Ɗangana.

Shi Ɗangana yana da al'adarsa. Duk batirin da zai bar rumfarsa sai ya narka kwalta ya malala a kan murafun, ya danna zobensa a kai kafin ta sandare. Wannan ne hatimin. Muddin tambarin zoben na nan, in batiri ya mutu zai canza. Ya faɗi haka a gaban maƙwabtansa, hannu a ƙirji.

Na farko bai daɗe ba ya fara kasala. Bazara ce, ruwan cikinsa ya ƙone. Yunana ya yi abin da kowane makanike zai yi: ya kankare kwaltar don ya ƙara masa ruwa. Da ya leƙa sai ya ga farantan ciki sun rube, suna zuba kamar tsohon bango. Ya ɗauko ya kawo. Ɗangana ya shafa murafun da yatsa ya ce, "Ka buɗe."

Na biyu kuwa, da ya sake saya, Yunana ya rantse ko ƙuda ba zai taɓa hatiminsa ba. Ya san batiri na numfashi in yana shan caji, ya san ƙananan hujojin da ke kan murafun ba ado ba ne. Amma garanti ya tsaya masa a rai. Ya jona shi a grup, ya ga gefensa na kumbura kamar kwaɗon da aka tsokana, ya ce wa kansa zai saɓe. Shekaranjiya da la'asar suka fita gwaji. Keken ya shiga rairayi yana gurnani, ya ci rabin ƙoramar, Hulda na dariyar da bai taɓa jin ta yi ba, kallabinta ya zame ba ta ko kula ba. Sai fam! Akwatin ya tsage, ruwan batiri ya fantsamo. Allah ya tsare fatarta, amma zanen da ta ɗaura, na cikin kayan aurenta, kafin gari ya waye ya zama rariya. Kuma a ƙarshe samarin nan dai su suka zo suka ɗauke ta.

"Kwaltarka ce ta toshe masa numfashi," Yunana ya ce, yana ƙoƙarin riƙe muryarsa. "In na buɗe, ka ce na buɗe. In ban buɗe ba, ya fashe, ka ce hatimi ya tafi. To wane batiri ne ka taɓa canzawa tunda kake?"

Ɗangana ya yi tunani da gaske. "Ba a taɓa kawo wanda ya cika sharaɗi ba."

"Ina za a kawo!"

"Kai ɗan mishan, ba ka san mutanenmu ba. Kafin in fara sa kwalta mi ne ba su yi min ba? Mutum ya sayi batiri don rediyo, ya je gida ya tsiyaye ruwan, ya shafa wa ɗansa a makero, ya ɗiga wa jakinsa a gyambo, ya ba maƙwabci saura. Ya cika min da ruwan rijiya ya dawo shina kuka, wai batiri ya mutu. Wani daga Urno har da tsamiya ya jiƙa ya zuba. Ni in zauna su kashe ni?"

"Ni na yi kama da mai gyambon jaki?"

"Ba a rubuta wa kowa a goshi."

Yunana ya ɗaga hannu biyu sama, ya rasa wanda zai kai wa ƙara, ya sauke su a kansa.

"Baba, ina wuni."

Hulda ce. Tare suka zo a bayan motar asibiti, ita ta wuce layin masu atamfa neman madadin zanenta. Ga ta ta iso, ƙunshin sabon zane a cinya, goshinta na naso, moter ɗin na rataye a gindin keken ba ya aikin komai sai ƙara mata nauyi.

"A'a, amarya da kanta! Lafiya lau, ɗiyata. Ashe abin da ya faru ke nan? Allah shi kiyaye gaba." Ɗangana ya sunkuya ƙarƙashin tebur, ya fito da wani batiri, fentinsa ko bushewa bai gama yi ba. "Don ke, ga wanga. Kwalta biyu na yi masa, zobe biyu. Garantinsa ya fi na kowa ƙarfi."

Abin haushi, Yunana ya ji hannunsa na miƙewa. Jibi ne fa. In ya yi masa caji kaɗan-kaɗan, in ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, wataƙila ya kai su ƙetare. Rabin ƙorama suka ci da wancan. Har yanzu dariyar nan tata na kunnensa.

"Baba," in ji Hulda, "in wannan ya fashe, mi za ka ba ni?"

"In hatimin na nan..."

"A'a. Ni da ke zaune a kansa, mi za ka ba ni?"

Ɗangana ya gyara hula.

"Ga shawara," ta ce. "A sa shi a akwatin, a yi masa caji, ka hau ka zagaya kasuwa. In ka dawo da wandonka lafiya, mun saya."

Mai gyaran rediyo na rumfar kusa ya tuntsire da dariya har ya saki abin da ke hannunsa. Ɗangana ya ce shi ƙugunsa na ciwo tun damina, kuma bai dace dattijo ya hau keken mata ba.

Hulda ta juyo ga Yunana, ta ga inda hannunsa yake. Murmushinta ya ɗauke.

"Au, karɓa za ka yi?"

"Hulda, na yi miki alkawari."

"Alkawarin in shiga da kaina ka yi, ba na in shiga da hayaƙi ba."

Ta kama matuƙin da ƙarfi ta juya keken. Hanyar da ta biyo ta cushe da amalanken jaki, sai ta yanke ta bayan rumfa, inda rairayi ya taru. Nan Suwaiba mai tabarmi ta baje hajarta a ƙasa, tabarmin kaba sababbi, ɗaya na bin ɗaya. Hulda ba ta ko gan su ba don fushi. Ta hau ta farko, ta bi ta biyu, ta wuce ta uku.

"Ke! Ke mai keke! Hanya kika samu?" Suwaiba ta taso tana tafa hannu.

Yunana ya ruga don ya ba da haƙuri, sai ya ga Hulda ta tsaya cak tana kallon baya. Shi ma ya kalla. A kan tabarmin ƙafafun keken ko alama ba su bari ba. A ƙarshensu kuwa, inda ta sauka, ƙafar gaba ta nutse cikin rairayi har wuya.

Ta ja da baya a hankali, ta sake hawa. Keken ya tafi sumul.

"Inna, yi haƙuri," ta ce wa Suwaiba, idonta na kan tabarmin. "Waɗanda na taka nawa ne, ki naɗe min su. Ki ƙaro wasu."

"Duk ɗaki guda za ki shimfiɗa wa waɗannan?"

"Ƙorama zan shimfiɗa wa."

Yunana ya dubi moter ɗin da ya ɓata makonni a kansa, ya ƙone yatsu, ya yi ta zana shi a ƙasa yana nuna wa abokai. Kunya yake ji ko daɗi, bai tantance ba.

"Ba za su kai faɗin ƙoramar ba," ya ce a hankali.

"Ƙawayena na da hannu. In na wuce ta baya, su ɗauko su kai gaba. Su shimfiɗa, ni in tuƙa."

Daga rumfa Ɗangana ya ɗago murya, batirin rungume a ƙirjinsa. "Ango! In ajiye maka shi ko kuwa? Wani na so fa!"

Hulda ce ta amsa, da ƙarfin da har masu atamfa sai da suka waiwayo.

"Ba shi, Baba, Allah ya tsare masa wando! Yunana, yau ɗin nan za ka kwance min injin nan da akwatinsa. Ran Asabar ka je ka tsaya a ƙofar majami'a ka jira ni. A kan tabarma zan ƙetare, da hannuna."