Ranar da Sabuwa Ta Ƙi Zama a Ɗaki

Alhasan, autan tsohuwa Sabuwa, ya yi shekara ashirin yana koyarwa a birnin Wad Madani, inda Larabci ake yi, har Hausa ta fara yi masa nauyi a baki. Shi ne ya zo rumfarta da wata magana mai ban haushi. Wai gobe dangin wani saurayi, Mujahid, za su zo ƙauye neman auren 'yarsa Huda, kuma bai taɓa gaya musu asalin gidan Hausawa ne ba.

"Inna, ki yi haƙuri ki zauna ɗaki har su tafi," in ji shi, yana sosa ƙeya. "Wannan tsagar ta fuskarki... mutanen birni ne, ba za su gane ba."

Sabuwa ta dube shi sama da ƙasa. Oh, duniya! Kaka arba'in tana tsinkar auduga a gonakin Jazira, bayanta ya lanƙwashe a bakin magudanar ruwa, duk don wannan mai ƙaton rawani ya yi karatu. Yau shi ne mai jin kunyar tsagar Gobir. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Shi kuwa gogan naka ya ɗauka ta yarda.

Ita Huda ce damuwarta. Yarinyar tana son yaron tsakani da Allah, ita kuma Sabuwa ta daɗe a duniya, ta ga yadda auren da aka ɗaura kan ɓoye-ɓoye yake ƙarewa.

Washegari da hantsi baƙi suka cika tsakar gida, aka zauna kan gadajen igiya, Huda tana zuba gahawa. Larabci zalla ake yi, Alhasan sai lanƙwasa harshe yake yana washe baki.

Sai ga Sabuwa ta fito da sabon mayafi, ta ja shi baya yadda kowa zai ga fuskarta.

"Sannunku da zuwa! Kun zo lahiya? Ina gajiya?"

Sannan ta juya harshe zuwa Larabci, wanda ko ɗanta bai kai ta iyawa ba, don a ƙasar nan aka haife ta.

"Ni ce uwar mai gidan nan. Kakana da ƙafarsa ya taho daga Sakkwato."

Uwar Mujahid, wata Widad mai awarwaron zinariya har gwiwar hannu, ta ajiye kofinta kamar ta ga ƙuda a ciki. Nan take ta tuna wai hanya da nisa, ta miƙe. Nisa! Tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba.

Sabuwa ko kallonta ba ta yi ba, yaron ta zuba wa ido. Mujahid ya dubi Huda, ya dubi takalminsa, ya ƙara duban takalmin. Ya tashi sum-sum ya bi bayan uwarsa, ko sallama babu. Tir, ƙato guda har da gemu!

"Inna, kin kashe ni!" in ji Alhasan, hannu bisa kai.

"Ɓace mini da gani."

Ta sami Huda a bayan madafa, tana kuka kamar ranta zai fita. Zuciyar tsohuwa ta karye, don ta san da hannunta ta jawo wannan kukan.

"Kaka, mi na yi miki?" in ji Huda.

Sabuwa ta durƙusa da kyar, ta kamo ta.

"Yi kukanki, 'yar nan. Wallahi addu'a nike a raina ya zauna. Da ya zauna, da ni da kaina zan kai ki ɗakinshi. Gaisuwa kawai na yi, ya tashi. In da sai ranar suna ya gan ni, da ke da jaririn zai bari."

Huda ta ture hannunta. Sabuwa ta sake riƙo ta, ta ƙi saki.