Almakashin da Morenike Ta Aiko

…kuma almakashi kika aiko, Morenike. Almakashi. Na zaci in na kwance ƙullin zan ga abin da zai ce mini kina hanya, ko da ɗankwalinki ne — sai ga takalmin makaranta, ga jakar goyo, ga fararen safa, can ƙasa kuma ga shi, a naɗe cikin ƙyallen atamfa kamar jariri. Lasisi direban motar Abijan ya miƙo mini ya ƙi haɗa ido da ni. Wai kin ce a gaishe ni. Wai kasuwa ta riƙe ki, wai ƙaramin naki yana haƙori… Na ce masa in ya koma ya gaishe mini da kasuwar.

To, ga shi a cinyata. Sanyi gare shi, duk zafin ranar nan.

Waken ya kusa nuna. Bari in janye itace ɗaya, wake ba ya son gaggawa. Manja ya shiga, albasa ta shiga. Rake na jingine a bango, zuma na cikin kwalba. Yaran unguwa sun ji ƙamshi, ga kawunansu nan a bakin ƙofa, sun san ranar da za a sauke gashin 'yar dada ranar cikinsu ce. Komai ya hallara. Saura hannu.

Hannun uwa. Haka muka taras, ba ni na ƙago ba. A ɗakin can kika haifi Awero, ungozoma ta shafa kan ta yi dariya ta ce dada ce ta zo, ku nemo kuɗin wuri a ɗaura mata a gashi. Gashin da ke murɗe kansa tun daga ciki, mataji ba ya shigarsa. A wanke, a shafa mai, wannan kowa na gida zai yi. Amma ƙarfe — ƙarfe sai a hannun wadda ta haifa, in ba haka ba zazzaɓi ya biyo bayan gashin, wani lokaci abin da ya fi zazzaɓi. Da an bi ka'ida tun tana famfara aka sauke. Amma uban Awero ya rasu, kika fita takaba da ido a bushe kika ce za ki bi 'yan uwa. Wane gida ne a Ejigbo ba shi da ƙafa ɗaya a Abijan? Ban hana ba. Da me zan hana?

A tasha… tana goye a bayana tana tsotsar alewa, ke kina ta tagar mota, kika miƙo hannu kika kama igiya ɗaya ta gashin. "Maami, kada kowa ya taɓa. Kafin ta shiga babbar makaranta zan dawo in sauke mata da hannuna." Haka kika ce. Motar ta motsa, gashin ya zame daga yatsunki…

Wannan ɗan akuyan da kuka. Yi haƙuri, ɗan nema, uwarka na kasuwa tana cin ɓawon doyar mutane. Ya ja igiya, ya zagaye turke, ya sake ja. Yanzu za ta dawo.

Babbar makarantar ta zo, Morenike. Gobe Litinin.

Da kin gan ta ranar da aka kafe sunaye. Allo a jikin bangon sakandaren gwamnati, mutane kamar ana rabon nama, ni da ban san baƙi ba ina ta kallon takarda kamar tururuwa sun hau layi. Ta kutsa ta ƙarƙashin hammatar mutane ta dawo ta ja ni da zane, ta ɗora yatsa can sama, sai da ta yi ɗage. Sama, kin ji? Ba inda ake durƙusawa a nema ba. Na taka rawa a gaban mai gadi, gwiwar nan har yau ba ta yafe mini ba. Duk wancan karatun da take yi a bakin murhu, tana juya mini tuwon amala da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da littafin tambayoyin bara da ta aro… ashe ba a banza ba.

Ga ta can. A tsakar gida ta ajiye teburin da kafinta ya yi mata, don kowane ɗalibi da teburinsa da kujerarsa yake zuwa, ya rubuta sunanta da jan fenti a murfin, AWERO, ta ce harafi ɗaya ya karkace amma ba komai. Tana zaune a kai da sabuwar rigar makaranta, tela ya bar mata tsawo saboda baɗi. Tana lissafi. Wa ya ba ta aiki? Babu. Littafin aji ɗaya ta aro wajen ɗan maƙwabta, tana so ta riga malamin isa. Gashin ya zubo mata har gadon baya, kuɗin wurin na ƙwanƙwasa kujera in ta sunkuya, ƙas, ƙas… Da wannan ƙarar nake sanin inda take a gidan nan.

Gwamnati ta ce karatu kyauta. Kyauta ce mai 'ya'ya da jikoki — kuɗin ƙungiyar iyaye, kuɗin baji, fartanya, tsintsiya, adda don saran ciyawar fili. Ban yi ƙorafi ba. Kin aiko naki, na haɗa da nawa, abin ya rufu. Ba nan gizo ke saƙa ba.

Mista Oyewole, mataimakin shugaban makarantar, shi ya yi mata tambayoyi ranar ganawa. Mutum mai sanyi, da furfura a gefen kunne. Ya jefa mata lissafi, kafin ya rufe baki ta ba shi amsa. Ya ƙara mai wuya, ta ɗan dubi rufi ta sake ba shi. Ya yi dariya ya ce wannan ta ajin kimiyya ce in ta kai can, a riƙe ta da kyau, irinsu ne ke zama likitoci. Sai ya cire tabarau. Ya dubi kanta. Na san abin da zai faɗa tun bai faɗa ba.

Ya ce doka ce, kowane sabon ɗalibi, mace da namiji, aski ƙasa-ƙasa. A firamare shugabar 'yar unguwarmu ce, ta kau da kai. Nan kuwa ba gidan kowa ba ne. Na ce a rufe da hula mana, ya ce ana cire hula a layin safe a duba. Na zube a kan gwiwa — ni, da shekaruna — ya zabura ya zagayo tebur har yana ture kujera. "Mama, ku tashi, kada ku ja mini abin da ya fi ƙarfina. Ƙanena ma dada ne, na san abin da kuke tsoro." Ya sani. Amma dokar ba tasa ba ce, kuma masu jiran gurbi sun fi waɗanda aka ɗauka yawa, kullum iyayensu na zaune a baranda. Ya ce ya ɗaga mana zuwa Litinin saboda uwar ta iso. In aka buga ƙararrawa ba ta cikin layi da kai a aske, sunan da ke biye ya hau.

Saboda uwar ta iso…

Akwai makarantar kuɗi a bayan kasuwa, su ko ƙaho ne a kan yaro za su karɓa. Na leƙa. Malaman yara ne, jiya-jiya suka bar goyo, ɗakin gwaje-gwajen kimiyya kuwa a jikin allon talla kawai yake. Ko da ina da kuɗin. Ba can yatsanta ya nuna ba.

Wake, wake… bari in ɗanɗana. Gishiri kaɗan.

Na je wajen Alfa, malamin unguwarmu. Ya ce gashi gashi ne, a yi bismillah a yanke, a ba yara sadaka, rai na hannun Mai shi. Matar fasto da ke sayen manja wajena ita ma kusan haka ta ce, da nata kalmomin. Ƙanen mahaifinki ya aiko cewa kaka ai uwa ce sau biyu. Ke kanki a waya — muryarki na zuwa tana yankewa, a bayanki yara na faɗa da juna da Faransanci, jikokina da ban taɓa sanin ƙamshin kansu ba — kika ce kin riƙe almakashin a hannunki kin yi addu'a a kai, kin sa shi ƙarƙashin matashi kin kwana, hannunki na jikinsa, in yanke kawai. Kawai. Kalmar nan ta yi miki sauƙi a baki.

Mutum ɗaya ce ta ce a'a. Iya Eleko, mai sayar da kamu a kan kwana, wadda muka yi 'yan matanci tare kuma ba ta taɓa faɗa mini magana mai daɗi ba. Ta ce tsufa ya cinye mini kai kamar gara. Ta ce yaushe ƙarfe ya zama uwa, ko shi ya yi naƙudar? Ta kawo labarin wani yaro a ƙauyen kakanninta da gwaggonsa ta aske shi, bai kai kasuwa ta gaba ba. Na ce mata ke da labaranki, duk mutanen cikinsu mutuwa suke yi, shi ya sa kamunki ke tsami. Ta ce in ci gaba da baki, ranar kuka ita za ta riƙe ni. Amma ta yi alkawarin ƙosai, ga shi can ta aiko a kwano…

To me ya sa wajenta nake ta komawa? Alfa sau ɗaya na je. Ita kuwa, in na fita sayen ashana sai in tsinci kaina a bencinta, in sake tambaya, ta sake cewa a'a, in taso da zuciya a kwance kamar an ba ni kyauta. Wa ke jin daɗin a tsorata shi?

Tsoro ne mana. Jikata ce. In na yanke ta kwana da zafin jiki, ina zan sa kaina? Ai tsoro ne. Ko lokacin da ƙyanda ta kama ta ban runtsa ba, na jiƙa bakin gashin a ruwa na shafe mata jiki kamar yadda ake yi wa dada, ta tashi. Gashin ne ya tashe ta, ko maganin asibitin? Na ba ta duka biyun, ban tsaya tambaya ba…

Awero ta rufe littafi. Ta taso. Ƙas, ƙas. Ta jawo 'yar kujerar tsugunno ta zauna tsakanin ƙafafuna ta ba ni baya, kamar kowace Lahadi in zan wanke mata da sabulun salo. Ta cire rigar makarantar ta ninke, kada gashi ya ɓata ta. Wuyanta siriri, irin naki. Man kwakwa da rana, ƙamshin kanta ke nan tun tana zanen goyo. Na san kowace igiya. Wannan mai kauri ta bayan kunne ita ce kika kama a tasha.

Ba ta juyo ba.

"Maami, in kuna tsoro a bari. Zan jira baɗi. Wataƙila kafin nan ta zo."

Maami take ce mini, a bakinki ta gada. Ta faɗa a hankali, babu kuka, babu fushi, kamar mai cewa ruwa ya ƙare a randa. Zan jira baɗi. Yarinyar da ta riga malami isa shafi… a ina ta koyi wannan? Wa ya koya mata cewa in motar Abijan ta shigo a tsaya a kasa kunne, in ta wuce a ce wataƙila ta gaba? Ban taɓa faɗa mata ba. Ashe ba sai an faɗa ba. A cinyata ta zauna ta koya, yadda ta koyi ɗaurin zane.

Baɗi kuwa sai ta sake zama jarrabawa da ƙannen bayanta. Teburin ya sha damina a baranda, jan fentin ya koɗe. Tsawon da tela ya bari ya cike ba a sa rigar ba. Sannan wata motar ta zo da wani ƙullin…

Ga uwar akuyar nan ta shigo. Dubi yadda take sauri, nono ya cika, tana kuka tun daga lungu, ta ture yaran da ke bakin ƙofa. Ban taɓa ɗaure ta ba. Ban taɓa fita nemanta ba. Uwata ce ta koya mini — ba a wahala da bin akuya, ɗanta ake ɗaurewa a turke, duk inda ta kai za ta…

Za ta dawo.

Ɗanta ake…

A'a. A'a, ba haka ba ne. Ni al'ada na riƙe. Alkawarinki na riƙe miki, ke kika ce kada kowa ya taɓa. Ni ban ɗaure kowa ba.

Amma in gashin nan ya faɗi a kan zanena, Morenike, me ya rage a Ejigbo da sai hannunki? Kuɗi Lasisi na kawowa. Murya waya na kawowa. Ko likkafanina akwai masu ɗinkawa. Wannan kaɗai ne ba a aikowa a mota — sai ga shi kin naɗe shi a atamfa kin aiko. Kin riga ni ganewa ke nan? Tun yaushe kika san inda turken yake?

Ɗan akuyan ya yi shiru, yana tsotso, igiyar ta nannaɗe masa ƙafa bai ma sani ba.

Yaran sun matso. Wake ya nuna, har ya fara kamu, ina jin ƙaurin. Awero ta sunkuyar da kai ta tattara gashin da hannu biyu ta miƙo mini baya, kuɗin wurin sun taru a tafina, da ɗumin jikinta. Bismillah… Bakin almakashin ya buɗe, sabo ne, ko ƙara bai yi ba. Da wace zan fara? Ba ta bayan kunne ba. Ko ita ɗin, a huta…

Can wajen tasha wata mota na hon. Ba ta Abijan ba ce, na sani, waccan ta zo tun safe, na karɓi abin da ta kawo.

Na sani.

Hannun nan dai — tsufa ne, Awero, ɗan dakata. Bari motar ta wuce tukuna…